Aron Tsarin Ilimi: Gangar Jiki ta Amurka, Jarrabawa ta Ingila

Duk mai nazarin manhajar makarantun Nijeriya zai tarar da sawun ƙasashe biyu a cikinta. Ingila ce ta fara shimfiɗa tsarin 6-5-2-3, wanda aka gina domin samar da akawu da malamai, sannan ta ɗora masa jarrabawar fita irin tata, wadda hukumar WAEC ta gada bayan kafa ta a shekarar 1952. Sawun Amurka kuwa ya fito fili ne a 1963, lokacin da aka buɗe makarantar sakandare ta Aiyetoro da taimakon hukumar USAID da Jami'ar Harvard, inda aka haɗa karatun littafi da koyon sana'a a wuri ɗaya. Wannan tunani ya samu karɓuwa a Taron Manhaja na Ƙasa da aka yi a Legas a 1969, ya shiga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, aka kuma fara aiwatar da shi a 1982 da sunan tsarin 6-3-3-4.

A ganinmu, aron ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne rabin tsarin aka aro. An raba sakandare gida biyu kamar yadda ake yi a Amurka, an sanya darussan fasaha a ƙaramar sakandare, an kuma tanadi auna fahimtar ɗalibi a kai a kai. Amma takardar shaidar da ke buɗe ƙofar jami'a da ta aikin gwamnati ta ci gaba da rataya a wuyan jarrabawar ƙarshe, irin ta Ingila. Malami kuwa abin da za a tambaya yake koyarwa. Haka kuma, injunan koyon sana'a da aka sayo daga ƙasashen waje sun daɗe cikin akwatuna a makarantu da dama, saboda rashin wutar lantarki da ƙwararrun malamai.

Darasin Hausa bai tsira daga wannan tarko ba. Manhaja ta tanadi adabin baka da ƙwarewar magana, amma takardar jarrabawa ba ta auna iya ba da tatsuniya ko rera waƙa. Sai ɗalibi ya haddace rabe-raben karin magana, alhali bai iya sarrafa ko ɗaya a cikin zance ba. Sauyin da dokar UBE ta 2004 ta kawo, na haɗe shekaru tara na farko, fasali ya taɓa, bai taɓa wannan matsala ba.

Saboda haka, muna ba masu tsara manhaja shawarar su fara gyara daga jarrabawa: a ware wa gwajin baka maki na musamman a darasin Hausa, a kuma horar da malaman da za su gudanar da shi, kafin a sake aro wani sabon tsari daga ko'ina.