Baƙo a Garin Marble Springs

Ku masu koyon Hausa kun san yadda tatsuniya take. Tsohuwa ita ke riƙe da linzamin labari tun daga buɗewa har ƙurunƙus. Yara iyakarsu su amsa, su yi dariya, su kama waƙa in an zo wurin waƙa, amma ba mai ikon ya sa Gizo ya bi hagu in ita ta nufa ya bi dama. To, yau zan ba ku labarin wani littafi wanda mai shi ta miƙa wa mai karatu linzami. Linzamin kuwa na gaske ne, gama abin nan da ake turawa bisa tebur ana nuna wuri a fuskar kwamfuta, da Hausa linzami muke ce masa.

Sunan littafin Marble Springs. Wata Ba'amurkiya, Deena Larsen, ita ta rubuta shi, kamfanin Eastgate ya fitar da shi a 1993. Na ce littafi ne don rashin wata kalma, domin ba takarda ba ne. A faifan kwamfuta aka sayar da shi, ba ya kuwa buɗuwa sai da manhajar HyperCard ta kamfanin Apple. A 2007 marubuciyar ta ba cibiyar MITH ta Jami'ar Maryland takardunta da faya-fayanta da tsofaffin kwamfutocinta. Jami'ar tana College Park, kusa da nan Washington, jirgin ƙasa na cikin gari ma yana zuwa. A cikin kayan har da wani labulen wanka, wanda ta manna wa gutsattsarin rubutun, ta haɗa wannan da wancan da zare mai launi, don ta ga da idonta yadda hanyoyin suka ratsa juna.

Marble Springs gari ne na ƙage, na masu haƙar ma'adini a duwatsun Kolorado, a ƙarni na 19. Rubutun waƙoƙi ne gajeru, yawancinsu a kan matan garin, waɗanda littattafan tarihi ba su cika kula da su ba. In ka shiga, ba shafi na ɗaya. Ga taswirar gari, ga ta maƙabarta, ga kuma zane mai nuna wa ke da dangantaka da wa. Sai ka matsa gida, ko kabari, ko suna, waƙa ta fito. Wadda aka ambata a gefe cikin wannan waƙa, in ka bi sunanta sai ka tarar da ita a tsakiyar wata.

Da fari haushi ya kama ni. Ni malamin makaranta ne, an koya mini a fara daga sananne a tafi ga wanda ba a sani ba, ga shi nan kuwa kome baƙo ne. Na yi ta shiga ina fita, na komo waƙa ɗaya har sau uku ba da nufi ba. Amma a karo na uku sai na ga ba ita ce na karanta da fari ba, alhali kuwa ko harafi bai sāke ba. Abin da ya faru shi ne, a tsakani na san maƙwabtan matar. Nan na tuna ran da aka fara tura ni koyarwa wani gari inda ban san kowa ba. Ba wanda ya zaunar da ni ya karanta mini garin daga farko. A bakin masallaci na ji wani abu, wurin mai shayi na ji wani, sai bayan wata shida na gane dalilin da gida kaza ba ya gaisawa da gida kaza. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, watau yana kallo amma bai san abin da yake gani ba tukuna.

A nan ne na ga gwanintar littafin. Sanin gari ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, saboda haka sigar nan ta dace da abin da ake faɗi. Edgar Lee Masters ya yi irin wannan a takarda a 1915, cikin Spoon River Anthology, inda matattun wani ƙaramin gari ke magana daga kaburburansu, sai dai shi ya jera su. Larsen ta bar maka jerin, har takan yiwu ka fara tsayawa kan kabarin mace kafin ka san ko wace ce.

Amma kada a ruɗe ku da zancen masu cewa mai karatu ya zama marubuci. Linzami dai yana hannunka, lungunan kuwa wani ya gina su, doki ba ya ratsa bango. Wannan ya fi fitowa fili a littafin Michael Joyce, afternoon, a story, wanda Eastgate ta fitar a 1990, mai gutsure 539. Labarin wani mutum ne da ya ga haɗarin mota da safe, yana tsoron ko ɗansa da matar da suka rabu suna ciki. Joyce ya kulle waɗansu ƙofofi, ba su buɗuwa sai ka riga ka bi ta waɗansu, ba a kuwa gaya maka. A ganina Larsen ta fi shi gaskiya da mai karatu, tun da ta ba shi taswira.

Kasawarta a wani wuri take. Waƙa guda in ka ware ta, sau da yawa ba ta da nauyi sosai, sai ta jingina da 'yan'uwanta. Wanda ya karanta biyar ya tashi zai ce ba kome a ciki, ba kuwa abin da zai tsai da shi. Sa'an nan ta bar filaye inda mai karatu zai rubuta nasa, ya ƙara wa mutanen garin labari. Niyyar tana da kyau, amma abin da ka rubuta a kwamfutarka yake zama, maƙwabcinka ba ya gani. Gari kuwa da jita-jita yake rayuwa.

Ga kuma wata wahala wadda ba laifinta ba ce. Apple ta daina sayar da HyperCard a 2004, kwamfutocin yanzu ba su buɗe faifan. Magana Jari Ce ta girme shi da shekara fiye da 50, ga ta kuwa yaro na ɗauka ya karanta ba da wata na'ura ba. Daga baya Larsen ta mai da garin bisa intanet, inda rubutun mai karatu zai iya isa ga waɗansu, amma wanda ke son na asali sai ya nemi tsohuwar Macintosh mai rai, ko manhajar da ke kwaikwayonta.

Ni dai da na kai wurin filin nan da aka bar wa mai karatu, na daɗe ina dubansa, hannuna bisa linzami. Ban rubuta kome ba. Kwana nawa na yi a garin da zan sa baki cikin maganar matansu?