Daƙiƙun Ƙarshe a Bakin Tarko

A dazuzzukan arewacin Kanada, inda ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa wata da watanni, akwai masu sana'ar ɗana tarko don fatar dabbobi masu laushin gashi. Abin da ya fi burge ni a wajen gwanayensu shi ne yadda suke gamawa da dabbar da ta shiga hannu ba tare da ta galabaita ba.

Tausayin yana farawa tun daga zaɓen tarko. Frank Conibear, wanda shi ma ɗan sana'ar ne, ya ƙi jinin ganin dabba ta kwana tana fizgar ƙafa a bakin ƙarfe. Sai ya ƙera tarko mai sifirin da ke datse wuya farat ɗaya, ya shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1950. A 1997 Kanada da Tarayyar Turai suka sa hannu kan yarjejeniya, Rasha ta biyo baya, aka ƙayyade lokacin da dole dabba ta fita hayyacinta a tarko mai kisa: daga daƙiƙa 45 zuwa 300, gwargwadon irinta. Amma ƙarfe bai san inda wuya yake ba. Gwani ne ke karanta sawu, ya daidaita tarkon yadda bugun zai sauka bayan kai.

Inda ake gane gwani da gaske shi ne idan ya tarar da kerkeci ko yanyawa da rai a tarko. Ba ya hayaniya, ba ya gaggawa, don firgita ita ma azaba ce. Yakan matso a hankali da ƙaramar bindiga, ya jira dabbar ta natsu ta dube shi. A zuciyarsa ya ja layi daga kowane kunne zuwa idon ɗaya gefen. Mahaɗarsu nan ne saitin ƙwaƙwalwa. Kafin ya taɓa kunama sai ya duba bayan dabbar, domin harsashi na iya tsalle a kan dutse ko ƙanƙara. Harbi ɗaya ake so, kamar yadda mahauci na kirki ba ya kai wuƙa wuya sai ya wasa ta.

Bai gama ba tukuna. Yakan taɓa idon da tsinke mai tsawo. In bai ƙifta ba, sannan ya sa safar hannu ya ɗauka. Dabbar da ke dalalar da miyau ko tangaɗi kuwa, ba a fasa mata kai, saboda ƙwayar haukan kare tana cikin ƙwaƙwalwa, kuma ita likitocin dabbobi za su gwada.