Wutar Da Doka Ba Ta Kashewa: Sharhi Kan Tartsatsin Tagwayen Weasley

Cikin littattafan Harry Potter guda bakwai da J.K. Rowling ta rubuta, na biyar, wato Order of the Phoenix na 2003, ya fi kowanne kauri, kuma masu karatu da dama na kuka da tsawonsa. Mu nan Zangon Lome da fassarar Faransanci ta Jean-François Ménard muka san shi. A wurina babi na 28 kaɗai ya biya kuɗin littafin, saboda wasan wutar da tagwaye Fred da George Weasley suka saki a makarantar Hogwarts.

Ga yadda abin yake ga wanda bai karanta ba. Ma'aikatar Sihiri ta turo wata mata, Dolores Umbridge, ta shigo a malama, ta zama mai sa ido, daga bisani ta haye kujerar Dumbledore, shugaban makaranta. Makaminta takarda ce. Doka ta 24 ta hana ɗalibai kafa ƙungiya sai da izininta, ta 27 kuma ta ce duk wanda aka kama da mujallar The Quibbler korarsa za a yi. Ranarta ta farko a kan mulki, sai tagwayen suka kunna akwati guda na irin abin da yaranmu ke fasawa a daren sabuwar shekara, wanda Kanawa ke ce wa nokawut, mu mu ce petar. Sai dai nasu na tsafi ne: dodanni na tartsatsi suna zagaye barandu, wasu kuma na rubuta ashar a sararin sama.

Gwanintar marubuciyar na cikin yadda ta ƙera wutar. In ka jefa mata sihirin daskararwa, sai ta fashe da ƙarfi. In ka yi ƙoƙarin ɓatar da ita, sai ta ninka sau goma. Wannan ai siffar ba'a ce, da jita-jita, da duk maganar da hukuma ta tsana. Rowling ta riga ta share fage a baya kaɗan: da aka haramta mujallar, kafin dare kowa ya karanta hirar Harry da ke ciki. Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san zancen da aka hana faɗa a iska ya fi saurin isa kasuwa. A watan Satumbar 2017, lokacin zanga-zangar 'yan adawa, an katse intanet a Togo, magana kuwa ta ci gaba da bin bakin 'yan zemijan da masu shayi. A 2020 kotun ECOWAS ta yanke cewa katsewar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki.

Amma inda babin ya fi burge ni shi ne halin malamai. Kowannensu zai iya kashe wutar da ɗaga sanda sau ɗaya, ba wanda ya yi. McGonagall sai ta aiki ɗaliba cikin natsuwa ta kira shugaba. Flitwick ya bari ta gama wahala, fuska duk baƙin hayaƙi, sannan ya nuna mata cewa shi bai tabbata yana da izinin taɓawa ba. Ta kwashe iko duka ta rungume, su kuma suka bar mata aikin duka. Ba wanda ya karya doka, da dokarta suka dafa ta.

Wannan ne fim ɗin 2007 na David Yates ya zubar. Ya haɗe wasan wutar da ficewar tagwayen, ya sa su a zauren jarrabawa, dodon wuta ya kori Umbridge, allunan dokoki suka zube. Ido ya sha kallo, amma makircin malamai na shiru ya tafi, sai ɗan murnar Flitwick a ɓoye.

Ina da ƙorafi a kan littafin ma. Tawayen tagwayen ya zo da araha. Suna da jarin Galleon 1,000 da Harry ya ba su, shagonsu na jira a Diagon Alley, kuma a babi na 29 suka hau tsintsiya suka yi gaba. Kamar Gizo ne a tatsuniya, ya yi ɓarna ya haye rufin ɗaki. Waɗanda ba su da tsintsiyar gudu fa? Abokinsu Lee Jordan ya riga ya ɗanɗana alƙalamin nan mai yanka bayan hannu, kuma shi yana nan cikin makarantar. Mai karatu da ya girma inda ba'a ga mai mulki ke kai mutum ofishin jandarma zai ji wannan giɓin.

Bashin dai Rowling ta biya shi a gaba, ko da ba a wannan littafin ba. A na shida, garin duhun da tagwayen ke sayarwa a shagonsu shi Draco Malfoy ya yi amfani da shi ya shigo da maƙiya cikin Hogwarts. A na bakwai, na 2007, ana tsakiyar yaƙi, Fred na dariya da wansa Percy, wata fashewa ta rushe bangon barandar da suke tsaye, ta kashe shi nan take.