Wa Ya Rubuta Tarihin Kano?

Duk wanda ya bi hanyar Tiga ta ƙasar Bebeji ya san tafkin Bagauda. Sunan kuwa na sarkin da littafin Tarihin Kano ya ce shi ne na farko, wanda H. R. Palmer ya lissafa hawansa a shekarar 999 sa'ad da ya fassara littafin daga Larabci zuwa Turanci a 1908. Littafin ya jero sarakuna 48, daga Bagauda har Muhammadu Bello da ya rasu a 1893, amma wanda ya rubuta shi bai sa sunansa ba.

Turawa ma suna da irin wannan gardama a kan Shakespeare, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara mana wasansa da sunan Daren Sha Biyu. Tasu dai gardamar ba ta da ƙafa. Sunan mutumin yana kan kundin wasanninsa na 1623, abokan aikinsa ne suka tattara shi. Abin da ya tsone wa masu shakka ido shi ne ɗan baduku ne daga Stratford, bai je jami'a ba, to ina ya san zaman fada? Shi ya sa Delia Bacon a 1857 ta nemo masa manyan mutane, Thomas Looney kuma a 1920 ya ɗora aikin a kan basaraken Oxford, Edward de Vere, wanda ya mutu tun 1604, wasanni na ci gaba da fitowa.

Tamu gardamar ta fi nama. Murray Last yana ganin an fara harhaɗa littafin tun wajen 1650, aka riƙa yi masa ƙari. John Hunwick kuwa, a 1994, ya ce aikin mutum guda ne a zamanin Bello, ya kuma nuna Ɗan Rimi Barka, bawan sarki.

Ni na fi karkata ga Hunwick, dalilina kuwa yana cikin littafin. A duba abin da marubucin ya sani, da abin da ya dame shi. Kirarin kowane sarki yana bakinsa. Ya san sunan mahaifiyar sarki, ya san jarumawan da suka fita yaƙi da shi ɗaya bayan ɗaya, da wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe, da sarkin da ya fara ba bābānni sarauta. Wannan ilimin soron fada ne, ba na zauren karatu ba. Malamin da ya tashi a kan littattafan jihadi da wuya ya tsaya yana lissafa bajintar sarakunan Haɓe ba tare da ya kafirta su a kowane shafi ba. Larabcinsa ma da Hausa a ƙarƙashinsa.

Sai dai kalmar "marubuci" tana iya ruɗar mu. Kirarin nan ba Barka ya ƙirƙira ba, maroƙa da makaɗa da tsofaffin gidan sarki ne suka riƙe shi ɗaruruwan shekaru, kuma nan ne hujjar Last take da ƙarfi. Abin da za a iya ba mutum guda shi ne zaɓi da tsari: wa za a faɗaɗa, wa za a wuce da layi biyu. Rumfa ya sami fili. Wasu sarakunan kuwa daga suna sai tsawon mulki.