Tarihin Kai a Ajin Ɗaliban Likitanci: Tarke Kan Littattafan Masu Larurar Ci

A Amurka da Ingila akwai malaman lafiyar ƙwaƙwalwa da kan sa ɗalibansu karanta tarihin kai na mutanen da suka yi fama da larurar cin abinci. Wannan larura ta haɗa da anoreksiya, inda mutum ke hana kansa ci don tsoron ƙiba, da bulimiya, inda yake ci ya wuce kima sannan ya tilasta wa kansa amai. Abin da wannan muƙala ke son dubawa shi ne ko irin waɗannan littattafai za su amfani ɗaliban da ke samun horo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Wasted na Marya Hornbacher, wanda ya fito a 1998. Ta fuskar salo ba shi da makusa. Marubuciyar ta shigar da mai karatu cikin zuciyar marar lafiya, ya ga yadda yunwa ke rikiɗa ta zama abin alfahari, abin da littafin koyarwa ba ya iya nunawa. Sai dai ƙarfinsa nan ne rauninsa. Ta zayyana nauyin jikinta da dabarun ɓoye rashin ci dalla-dalla, har littafin ya iya zame wa yarinyar da ke bakin ramin jagora zuwa cikinsa. Da gangan na ƙi kawo lambobin a nan.

Matsala ta biyu ta fi damuna. Ɗalibin Bauchi da ya karanta Wasted kawai zai tashi da zaton cewa wannan cutar 'ya'yan Turawa ce. Tsitsi Dangarembga ta Zimbabuwe ta riga ta soki wannan zato a Nervous Conditions na 1988, inda likitan ƙwaƙwalwa Bature ya ƙi yarda Nyasha ba ta da lafiya, don a ganinsa baƙar fata ba sa irin wannan ciwo. Littafin ƙagaggen labari ne, amma ya fi kusa da mu.

Ban da haka, a ƙasar Hausa tsangwamar jiki ta fi karkata ga ramammiya. Ita ake tambaya ko ciwo take yi, ko mijinta ba ya ciyar da ita. Daga nan 'yan mata da amare ke faɗawa shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Rebecca Popenoe ta nazarci ɗurar da Larabawan Azawak na Nijar ke yi wa 'ya'yansu mata a Feeding Desire, amma muryar manazarciya ce, wadda aka yi wa ɗurar ba ita ke riƙe da alƙalami ba.

Tarihin kai na Hausa kuwa ya fi son makaranta da muƙami da tafiye-tafiye, kunya ta hana shi zancen jiki. Baba ta Karo ce ta yi maganar aure da haihuwa ba rufa-rufa, ita ma baki ta buɗe wa Mary Smith, aka buga da Ingilishi a 1954. Don haka malamin da zai shiga aji da Wasted a Bauchi ya zaɓi shafukan da babu lambobi, ya haɗa da Dangarembga, sannan ya tambayi ɗalibansa wace kalma marar lafiya za ta yi amfani da ita in ta zauna gabansu tana magana da Hausa.