Izini, sanarwa da iso: sharhi a kan fim ɗin «Zinder» da ƙa'idodin ɗaukar hoto a Damagaram

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba fim ɗin «Zinder» na Aïcha Macky, ƴar Damagaram, wanda ya fito a 2021, aka nuna shi a Nyon ta ƙasar Suwis da kuma FESPACO na Wagadugu. Kyan hoto da tsarin labari mun bar wa masana silima. Abin da ya dame mu shi ne wa ya ba kamara damar shiga unguwar Kara-Kara, kuma da wace kalma ake kiran wannan dama da hausa.

A takarda lamarin ba shi da wuya. Tun 2008 Nijar ta kafa cibiyar silima ta ƙasa, wato CNCN, a Yamai, kuma wajenta mai shirya fim yake neman takardar ɗauka. Taro ko jerin gwano bisa titi kuwa, doka mai lamba 2004-45 ta 8 ga Yuni 2004 ta ɗora shi a kan ma'aikatar magajin gari, inda a 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisu aka naɗa kantomomi. Faransancin waɗannan ƙa'idodi ya bambanta abubuwa biyu. Mai fim «autorisation» yake nema: sai an ba shi. Mai taro «déclaration» yake yi: yana shaida wa hukuma ne, ita kuma in tana tsoron tarzoma sai ta hana. A bakin jama'a duka biyun sun zama «izini», kalmar da muka aro daga larabci, wadda kullum daga sama take saukowa. Ba a cewa «na ba sarki izini». Saboda haka talakan da ya ji an ce «a nemi izinin taro» ya riga ya ɗauka alfarma zai roƙo, alhali haƙƙi doka ta ba shi. Fassara ta cinye masa rabin dokar tun bai taka ƙofar ofis ba.

To amma hausa ba ta rasa kalma ba. Akwai «sanarwa», akwai kuma «iso», wadda ta fi ba mu sha'awa. Baƙon da ya zo fadar Birni ba ya faɗawa zaure kai tsaye: yakan sami wanda zai yi masa iso, ya faɗi ko wane ne shi da abin da ke tafe da shi. Iso yana buƙatar mutum uku, da baƙo da mai gida da ɗan tsakani, kuma ɗan tsakanin mutuncinsa ya jingina. In baƙo ya yi ɓarna, shi za a tambaya. Takarda mai hatimi ba ta da wannan na ukun. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, suka kawo hatimi da sa hannu, amma ba su kashe iso ba. Har gobe mai son kafa kamara a lungunan Birni ko na Zango, ko da takardar Yamai a aljihunsa, ya san sai ya bi ta wajen mai unguwa.

Nan ne fim ɗin ya zama abin nazari ga mai ilimin harshe. Tun shekarun 1990 matasan Nijar suke kiran majalisarsu ta shan shayi «fada». Gungun da fim ya bi kuwa, masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa, «palais» suke kiran kansu, wato fada ke nan da faransanci. Samarin da ba su da aiki, da yawansu ba su zauna lakwal ba, sun ɗauki sunan gidan da ake neman iso a ƙofarsa, har sau biyu, cikin harsuna biyu. Ba mu ɗauki wannan a matsayin wasa da kalma ba. Wanda ya kira wurin zamansa fada yana cewa ne: nan ma ba a shiga sai da iso.

Ƙarfin fim ɗin, a ganinmu, daga nan ya fito. Kara-Kara unguwa ce da aka daɗe ana tura kutare da waɗanda gari ya ƙi. Ɗan kabu-kabun da ya tuba daga «palais» yana faɗin abin da hannunsa ya aikata, fuskarsa a buɗe. Ƴan ruwa-ruwa suna shigo da fetur daga Najeriya ta hanyar daji, a jahar da matatar SORAZ take aiki tun 2011. Babu hatimin da zai sa mutum ya yi irin wannan magana a gaban kamara. Hausar da suke yi ma ta nuna haka: ba hausar gaban hukuma ba ce, wadda ake cika ta da «ranka ya daɗe», hausar cikin gida ce. An yi wa kamarar iso, kuma an yi mata shi da kyau.

Inda muke da ja shi ne abin da ke biyo bayan iso. A al'ada baƙo yakan fita, maganar da aka yi a zaure ta tsaya a zaure. Fim ba ya fita haka. Yana zuwa Turai, ya komo ta wayar salula, ya shiga hannun maƙwabci da jandarma da surukin gobe. Wanda ya ce «na yarda» da hausa, shin shigowar baƙuwa ya yarda da ita, ko yawon fuskarsa a duniya? «Yarda» tana ɗaukar duka biyun, kuma takardun da aka saba sa wa hannu a wannan sana'a da faransanci ake rubuta su. Wannan ba laifin mai fim ɗaya ba ne, giɓi ne a tsarin: takardar ɗauka tana daidaita tsakanin mai fim da hukuma, ba tsakaninsa da wanda aka ɗauka ba. Sunan fim ɗin ma yana da irin wannan matsala. Iso a unguwa ɗaya aka yi shi, amma sunan gari duka aka sa, har da Birni da Zango da Sabon Gari waɗanda ba zancensu ake yi ba.

Kano ta bi wata hanya: a 2001 ta kafa hukumar tace finafinai, wadda ke duba fim kafin ya shiga kasuwa. «Tace» tana kare mai kallo ne daga fim, mu kuwa wanda ke cikin fim ɗin muke magana a kai.

Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga hausa ta zama harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki, don haka dole wata rana a fassara waɗannan ƙa'idodi. Shawararmu ga masu wannan aiki ita ce a bar «izini» ga «autorisation» kaɗai, a sa «sanarwa» ga «déclaration», sa'an nan a raba yardar wanda aka ɗauka gida biyu, «yardar ɗauka» da «yardar nunawa», a karanta masa kowace da babbar murya a gaban wanda ya yi wa kamara iso.