RUWAN BAGAJA A DANDALI: An sha dariya, an manta dalilin tafiya

Duk wanda ya ce zai ɗora Ruwan Bagaja a kan dandali a birnin Katsina, to ya ɗauko babban kaya. A garin nan Malam Abubakar Imam yake koyarwa a Makarantar Midil lokacin da ya rubuta littafin don gasar 1933, wadda Dakta Rupert East ya shirya daga Zariya. Yana ɗan shekara 22 a lokacin. Tun daga nan 'yan makaranta ke karanta shi, kaka ya ba ɗa, ɗa ya ba jika. Wato 'yan kallo sun zo da labarin a ka.

Ɗaliban wata jami'a ne suka yi wannan ƙarfin hali a wani fili da ke Ƙofar Marusa, kuma a gaskiya sun yi abin yabo. Daraktan ya zaunar da Alhaji Imam tsoho a kan buzu a gefe guda yana ba Koje Sarkin Labari labarinsa, wani saurayi kuma yana aikata abin da tsohon ke faɗa a tsakiyar dandali. Wannan dabara ta dace, domin daɗin littafin a bakin mai ba da labari yake. Ba su ɓata kuɗi wajen gina fada ko daji ba. Zane shuɗi da 'yan mata biyu suka riƙe suna kaɗawa shi ne kogi, kalangu kuma shi ke sanar da cewa an sauya gari. Yara sun gane, manya sun gamsu.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Me ya fitar da Alhaji Imam daga gida? A littafin, ɗan Sarki ne ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganin, aka yi masa wulaƙanci a fada. Zafin wannan cin fuskar ne ya sa yaron ya shiga duniya don ya wanke mutumin da ya rene shi. Ɗaliban sun dunƙule wannan duka a magana biyu, suka ruga wajen Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Daga nan wasa ya koma camama zalla: faɗuwa, mari, guje-guje, irin na finafinan marigayi Ibro. Wanda ya fito a Zurƙe gwani ne, ba musu, sai dai an sakar masa linzami har ya danne jarumin. Zurƙe na Imam da wayo yake kayar da mutum, shi ma da wayo ake rama masa. Na dandalin nan da ƙafa yake yin komai.

Sakamakon haka, da aka kawo ruwan a ƙarshe, filin bai girgiza ba. Wata yarinya a sahun gaba ta tambayi uwarta, "Mama, wa zai sha?" Wannan tambaya ta isa sharhi.

Ba yau aka fara kai littattafan gasar 1933 dandali ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Ke nan akwai sawun da za a bi.

Shawara ga ɗaliban ita ce su ba zaman fada minti goma cikakku, mu ga an kunyata Liman, mu ga idon yaron ya kaɗa. Su rage marin Zurƙe, su ƙara masa baki. In sun yi haka, masu shirya fim na Kano ma za su zo ɗaukar darasi. Allah Ya ƙara basira, Ya jiƙan Malam Abubakar Imam, amin.